Ranar da Ɗakin Goggo Wilma Ya Gangara Kogi

Ina tsaka da zuba tana a gwangwanaye, rana ko gama fitowa ba ta yi ba, sai wayar shago ta yi ƙara. Bernadette ce, mai kula da sansanin bakin kogi.

"Orval, maza ka taso matarka. Ɗakin Goggo Wilma ya gangara cikin ruwa, ita kuma tana ciki."

"Ta mutu?"

"Wa, Wilma? Ga ta nan tana zagin kowa. Amma da hannu aka yi, Orval. Zare waigin da ke tokare tayoyin aka yi."

Ni Orval Tollefson, tana da ƙugiya nake sayar wa masunta a garin Otter Bend, a gaɓar kogin Misisipi ta ɓangaren jihar Iowa. Matata Ardis kuwa bin sawu ne sana'arta. Da kaka, mafarauta ke kiranta in barewa ta gudu da harsashi a jiki. Sauran watanni 'yan sanda ne ke buga mata ƙofa, in tsoho ya ɓace a daji ko ɓarawo ya bi ta gonar masara. Tun da muka yi aure ban taɓa cin wainar tuffa a ɓoye na sha ba, ɓurɓushi ɗaya ya ishe ta.

Na same ta a ƙofar baya tana ɗaure takalmi.

"Na ji," ta ce. "Ɗauko makullin mota, tsoho. Kafin mutane su tattake min wurin."

*

Sansanin namu gida biyu ne, kowa ya sani ko da ba a faɗa. Daga bakin ruwa zuwa tsakiya na masu motocin kwana ne, manya-manya, masu na'urar sanyaya ɗaki da rumfa da tukwanen fure, mutanen da ke dawowa kowace bazara su kama wuri guda. Can baya, kusa da layin dogo inda sauro ya fi yawa, nan masu tantuna suke. Ana gaisawa a wajen famfo, iyakarta ke nan.

Ɗakin Goggo Wilma Prochaska shi ne mafi tsufa a layin bakin ruwa, ɗan ƙaramin ɗaki mai taya biyu irin wanda ake ja da mota. Mijinta marigayi Emil ne ya kafa shi a kan gangaren tun Gaylen ɗansu yana ɗan yaro. Yanzu ga shi can ƙasa, rabinsa cikin kogi, bayansa ya maƙale a jikin wata tsohuwar bishiya. Ba don bishiyar nan ba, da sai dai a neme shi a birnin St. Louis, can ƙasan kogi.

Daren jiya kuma ƙudan kifi sun fito. Duk shekara haka suke yi mana, dare ɗaya su taso daga kogi kamar hayaƙi, su yi dandazo a jikin fitilu, kafin gari ya waye sun zube matattu. Ƙarƙashin turken fitilar da ke kusa da wurin Wilma sun yi shimfiɗa mai kauri, wari kamar kasuwar kifi.

Jama'a duk suna bakin ruwa. Wilma na zaune a kujera an lulluɓe ta da bargo, goshinta da ƙulu. Ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Gaylen na tsugune gabanta, jiƙe sharkaf, yana murza mata ƙafa. Shi ne ya fara faɗawa ruwa, ya fasa taga ya fito da ita a kafaɗa, kowa sai shi masa albarka yake.

A gefe guda kuma motar ɗan sanda Rollie Hruska ce, a kujerar baya Tavo Barragan na zaune ya sunkuyar da kai. Mai gyaran rufin gidaje ne, yana zaune a tanti da matarsa Noemi tun farkon bazara. Noemi na tsaye jikin motar da tsohon ciki, hannunta a kan gilashi. Babu wanda ya miƙa mata kujera.

Rollie ya taro mu. A gabanmu ya girma, don haka bai tsaya wani dogon bayani ba.

"Goggo Ardis, gara da kika zo. Ban kama shi ba tukuna, na sa shi a mota ne don kada a taɓa shi. Amma in ban samu wani abu ba kafin la'asar, dole in tafi da shi. Kin kuma san takardunsa na zama suna hannun hukuma. In sunansa ya shiga littafinmu da laifi irin wannan, ya gama."

"Me ya sa shi?"

"Shi kaɗai ya san tana ciki. Kowa ya ɗauka a gari ta kwana."

Ardis ta dube shi ta dubi gangaren.

"Ka sa igiya daga turken fitila zuwa teburin can. Ko kaza kada ta shiga."

*

Ta fara da Wilma, ta jawo bokiti ta kifa ta zauna.

"Goggo, an ce a gari za ki kwana."

"Haka wannan ya tsara," ta nuna Gaylen da haɓa. "Wai zafi ya yi yawa, ya kwashe ni ya kai ni gidan Irma ƙanwata kamar buhun dankali. Ke kin san Irma. Ko shayi ban gama ba ta fara min wa'azin gidan tsofaffi, wai an samo min ɗaki mai kallon lambu. Na ce lambun ya ci kansa. Na ɗauki jakata na fito. A bakin kanti na haɗu da yaron nan Tavo, ya kawo ni har ƙofa, ya riƙe min hannu na hau matakala."

"Da wane lokaci?"

"Rana ba ta faɗi ba. Na ga alamar ƙudan nan za su fito, na kashe fitila, na cire na'urar ji daga kunnena na kwanta. Ban farka ba sai da na ji ni a ƙasa, tukwane na bina."

"Mama, ki daina yawan magana, ki huta," in ji Gaylen.

"Rufe min baki. Na faɗa musu yaron nan ba shi ba ne, sun ce wai na bugu a ka. Wanda zai kashe ka ba ya ce maka a kula da matakala."

Ardis ta juya wajen Gaylen. Mutum ne mai jiki, ya ba hamsin baya, yana aiki a rumbun hatsi na gari.

"Kai fa, ina kake?"

"Bayan na sauke ta na tsaya cin soyayyen kifi a gari. Na dawo da duhu na kwanta a bayan motata, can wajen ƙofar shiga. Ihu ne ya tashe ni."

"Allah ya yi maka albarka da ka yi sauri," ta ce, ta miƙe.

Da muka matsa na raɗa mata, "Gidan tsofaffin nan fa, ba yau aka fara ba. Tun da ta faɗi a matakala farkon bazara ta kwana a ƙasa har safe, Gaylen bai sake samun barci ba."

"Na sani. A shagonka ake labarin, ni kuma a gidanka nake kwana."

*

Bernadette muka samu a kan 'yar motarta ta lantarki, wadda ko banɗaki ba ta zuwa sai da ita. Ba a tambaye ta ba ta fara.

"Na sha faɗa wa masu wurin nan a rufe ɓangaren tantuna. Satin da ya wuce tukunyar gas ta ɓace. Kafin nan igiyar jirgi. Mutum ba ka san daga inda ya fito ba, ya kafa ƙyalle ya ce maƙwabcinka ne."

"Tukunyar gas ɗin da aka samu a bayan motar mijinki?" in ji Ardis.

"Wannan kuskure ne."

"To. Ke kuma an ce kin so a janye ɗakin Wilma daga layin gaba."

Bernadette ta yi ja har kunne. "Na ce yana ɓata layi, ban ɓoye ba. Tsatsa ce kawai da taya. Amma ni da ciwon gwiwar nan zan tsuguna in zare waigi? Ki tambayi Curtis Landgraf mana. Shi ne ya ce a gaban kowa, wata rana zai tura akwatin sardin ɗin nan cikin kogi ya samu ya ga ruwa daga tagarsa."

Wajen Tavo ba mu daɗe ba. Rollie ya sauke gilashi.

"Na kawo ta, na ga ta shiga, na tafi," ya ce. "Wallahi iyakar abin da na sani ke nan. Mama Wilma ce kaɗai a layin nan take aiko mana da miya."

Noemi ta kama hannun Ardis. "Anti, a tanti ya kwana, kusa da ni. Na faɗa, sun ce matarsa ce, me za ta ce."

"Je ki zauna a inuwa, 'yata," in ji Ardis. "Orval, ba ta kujerar motarmu da ruwan sanyi. Ƙasa ba ta da miji, ita zan tambaya."

*

Wurin da ɗakin ya tsaya shekara da shekaru ya zama fili mai kusurwa huɗu, ciyawa ba ta fita. Da abin ya faru kowa bakin ruwa ya ruga, don haka nan sama babu wanda ya taka. Ardis ta tsaya a bakin igiya ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta shiga a hankali, tana sa ƙafa inda ta zaɓa, ta durƙusa, ta kwantar da kumatu kusa da ƙasa yadda hasken rana zai zo mata a karkace. Ni dai aikina riƙe hula.

Da ɗan tsinke ta share ƙudan da ke gaban inda matakala take. Ƙarƙashinsu, a cikin laka, ga sawun takalmin aiki.

"Na Tavo ne. Ka ga ƙudan a kansa suke, lafiyayyu, ko ɗaya bai murƙushe ba. Ya zo ya tafi kafin su zubo."

Ta matsa inda tayar hagu take. A nan shimfiɗar ƙudan ta lotsa wuri biyu, sun dame kamar kunu.

"Gwiwoyi. Wannan a kan ƙudan ya durƙusa, bayan sun gama zuba. Wajen asuba ke nan. Takalminsa bai bar min komai ba, ƙudan sun yi santsi da yawa."

"To ai an wanke Tavo."

"An wanke zuwansa na farko. Za su ce ya dawo. Zo ka ga wannan."

Na leƙa ta kafaɗarta. Kusa da gwiwoyin akwai sawun dagi, manya. Bayansu kuma wani abu da ban gane ba, an share ƙudan sun yi rabin da'ira, tas, kamar an sa mafici.

"Kare ne ya zauna nan," ta ce, "yana kaɗa wutsiya. Ba kaɗawa ɗaya ba, ya daɗe yana yi, har ya share ƙasa. Ka kuma duba nan, taya ta bi ta kan gefen sharar. Ke nan karen na zaune kafin ɗakin ya motsa. Yana kallon mutumin yana aikinsa, yana jin daɗi."

Kare mai wannan dagi da wutsiya kamar tsintsiya ɗaya ne a sansanin.

"Biskit!" na ce. "Karen Landgraf! Ardis, an gama. Mutumin da bakinsa ya ce zai tura."

"Kai da an ba ka alƙalanci da rabin garin nan na kurkuku."

Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa, sai idonta ya sauka a kan teburin cin abinci na katako da ke gefe. Waigin nan biyu suna kai, an jera su kai da kai, an ma goge musu laka. Tsofaffin katakai ne da aka sassaƙa da hannu, sun yi baƙi don tsufa. Kowa ya gan su tun safe, babu wanda ya kula da su. Ardis ta daɗe tana kallonsu, ba ta taɓa ba. Na ga fuskarta ta sauya, irin sauyin da take yi in ta gano barewar da take bi ba za ta rayu ba.

*

Curtis Landgraf tsohon dillalin motoci ne daga Cedar Rapids, motar kwanansa ta fi cocinmu tsawo. Muka same shi yana fiɗar tarwaɗa, Biskit na ɗaure a gindin rumfa. Da karen ya gan mu ya ɗaga kai ya mayar, wutsiya ko motsi.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji Landgraf. "E, na faɗa. Na kuma ce zan harbe surukina, ga shi can da ransa a Omaha. A kan ruwa na kwana, ni da 'yan'uwan nan biyu masu gidan mai. Muna dawowa muka tarar da jama'a a bakin kogi. Rollie ya riga ya tambaye su."

Hasashena ya rushe ke nan. Ardis kuwa ko a jikinta.

"Da karen kuka tafi?"

"Wannan? Amai yake a jirgi. A motar kwanana na kulle shi. Abin haushi, na dawo na same shi a waje yana yawo shi kaɗai, an buɗe masa ba a mayar ba."

"Wa ke buɗe masa?"

"Makulli ɗaya na ofis wajen Bernadette, ɗaya na ba Gaylen. Na ce duk wanda ya riga tashi ya fito da shi ya zaga."

"Yana da son mutane?"

Landgraf ya yi dariya. "Biskit? Ni da nake ciyar da shi sai ya ga dama yake kula ni."

Ardis ta yi masa godiya, ta ce ya zo rumfar taro da azahar, ya taho da karen. A hanya na buɗe baki, ta ɗaga min hannu.

"Kada ka ce komai, tsoho. In ka faɗa, fuskarka za ta faɗa wa kowa."

*

Rumfar taro ita ce inda ake wasan kati da gasa masara. Ranar ta cika, masu motoci a kan bencina, masu tantuna a tsaye daga baya. Rollie ya kawo Tavo ya zaunar kusa da shi. Wilma ta ƙi zuwa asibiti, tana gaba da bargonta, Gaylen a gefenta ya sauya kaya.

Ardis ba ta iya jawabi ba, magana take kamar tana karanta ƙasa. Ta faɗi yadda sawun Tavo yake ƙarƙashin ƙudan, da yadda gwiwoyin suke a sama.

"To ya dawo da asuba mana," wani ya ce daga benci.

"Na san za a ce haka. Curtis, kawo karen."

Ta karɓi igiyar ta ja Biskit har gaban Tavo. Karen ya shinshina takalminsa, ya kau da kai. Ta kai shi wajen Bernadette. Kafin su isa ya maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu ya ja baya.

"Da tiyo nake korarsa daga furanni," in ji Bernadette, "sai me?"

"Ba komai. Yau tiyon nan ya yi miki rana." Ardis ta juya. "Gaylen, kai ka buɗe wa karen nan da asuba?"

"A'a. Na ce miki ina barci."

Sai ta saki igiyar.

Biskit bai yi wata-wata ba. Ya ratsa tsakanin bencina ya je gaban Gaylen ya zauna, ya ɗaga kai yana kallonsa, wutsiyar nan ta shiga aiki, dama da hagu, dama da hagu, tana share ƙura da ɓawon gyaɗa daga kan siminti har ta yi rabin da'ira. Rollie ya riga ya ga irinta a gangare, na ga ya gyara tsayuwa.

"Wanda ya zare waigin," in ji Ardis, "karen nan na zaune kusa da shi yana yin haka, kafin taya ta motsa. Yana nan a ƙasa, duk mai so ya je ya gani. Mutum biyu ke da makulli, kun ga yadda yake yi da ɗayar."

Biskit dai bai daina kaɗa wutsiya a siminti ba.

"Kare ne fa," in ji Gaylen. "Ina ba shi nama, shi ke nan. Za ku ɗaure mutum a kan wutsiyar kare?"

Ardis ta ce, "Daga ƙofar shiga zuwa bakin ruwa akwai tafiya, Gaylen. Mutanen da ke maƙwabtaka da ita ba su riga ka ba, kai da kake barci. Sannan waigin. Baƙo in ya zare, cikin kogi zai wurga, ko cikin ciyawa. Wannan ya goge su ya jera a tebur. Wa ya sassaƙa su?"

Wilma ce ta amsa, a hankali, ba ta kalli kowa ba.

"Emil ne. Gaylen na riƙe masa katakon."

Ardis ta sassauta murya. "Kowa na cewa Tavo kaɗai ya san tana ciki, don haka shi ne. Ni kuwa na ce wanda ya yi wannan bai san tana ciki ba. Da hannunsa ya kai ta gari."

Gaylen ya dubi mahaifiyarsa. Sai ƙaton mutumin nan ya zame daga benci ya durƙusa, ya fashe da kuka irin na yara.

"Mama, wallahi na ɗauka kina gidan Goggo Irma. Na ce in babu ɗakin, dole ki haƙura. Kullum in waya ta yi ƙara sai in ce ke ce kika sake faɗuwa, ko kin zame cikin ruwa. Na gaji da tsoro, Mama. Da na ji muryarki a ciki yana gangarawa, na so ƙasa ta haɗiye ni."

Wilma ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa.

"Ɗakin, na ji," ta ce. "Tsoro ne, kuma wauta gadonka ce ta wajen uba. Ƙulun goshina ma na yafe. Amma kana murza min ƙafa, kana kallo aka sa yaron nan a mota, matarsa na tsaye a rana da ciki. Tun safe har azahar, Gaylen. Bakinka bai buɗe ba."

"Na rasa yadda zan yi, Mama."

"Ka san yadda za ka yi. Ba ka yi ba ne."

Rollie ya dafa kafaɗarsa. Bai sa masa ankwa ba, Gaylen da kansa ya tashi ya bi shi. Kujerar bayan motar Rollie da Tavo ya bari ko hucewa ba ta yi ba Gaylen ya zauna a kai.

*

Mutanenmu ba su iya ba da haƙuri da baki ba, da abinci suke yi. Kafin magariba ƙofar tantin Tavo ta cika da kwanuka, har da na Bernadette, wadda ta ajiye nata ta juya motarta. Landgraf ya kawo tarwaɗa mafi girma, ya kuma ɗauko igiya da motarsa aka jawo ɗakin Wilma daga ruwa. Bai gyaru ba.

Washegari da na kawo wa masunta tana, na tarar Tavo na naɗe tanti.

"Ina zuwa kuma? Ai an wanke ka."

"Baba Orval, na gode, ka gode wa Anti. Amma na ga fuskokinsu jiya ta cikin gilashi. Ba zan iya haɗuwa da su a famfo kullum ina murmushi ba."

Sai ga Wilma tafe da sanda, ta ratso layin motoci kaf har bakin layin dogo, wurin da ban taɓa ganin wani daga layin gaba ya taka ba in ba neman ɓataccen kare ba. Ta miƙa wa Noemi makulli.

"Gidana na gari ɗaki uku ne, ni kaɗai. Rufin yana yoyo, matakalar bene ta fi ƙarfina. Ku ɗauki sama, ni ƙasa. Ba sadaka ba ce, aiki zan ba mijinki har ya gaji."

Noemi ta dubi Tavo. Tavo ya buɗe baki.

"Kai ba da kai nake ba," in ji Wilma. "Ci gaba da naɗe ƙyallenka."

Shari'ar Gaylen ta kai kaka. Wilma ta tsaya gaban alƙali ta roƙa masa sassauci, ta kuma faɗi abin da ya yi wa Tavo ba ta rage ko kalma ba. Aka ɗaure shi wata 'yan kaɗan, sauran a waje bisa sharaɗi. Ni na kai ta kotun, don Ardis na daji ranar tana bin barewar wani likita. Muna fitowa aka kira Wilma a waya, Noemi ta sauka, mace.

Ta shiga mota ta zauna, jakarta a cinya. Ta ga an fito da Gaylen ta ƙofar gefe za a sa shi a mota. Ya ɗaga mata hannu. Ta daɗe kafin ta ɗaga nata, amma ta ɗaga. Da motarsu ta fita ta share ido da gefen mayafinta, ta buga sandarta a ƙasan mota.

"Me kake jira, Orval? Asibiti. Ka kuma tsaya a kanti, ba zan shiga wa jaririya hannu rabbana ba."